Wane Ne Ya Fara Zura Ƙwallo a Gasar Kofin Duniya?

Wani mai sauraro daga Maraɗi ne ya aiko da wannan tambaya.

To, malam, Lucien Laurent ne, ɗan Faransa. Ranar 13 ga Yulin 1930, a Montevideo, minti 19 da take wasa da Meziko, abokin wasansa Ernest Libérati ya yanko ƙwallo daga gefe, Laurent ya sheƙa ta raga tun ba ta taɓa ƙasa ba. Faransa ta ci 4-1.

Laurent gajere ne, ɗan gaba mai zafin nama, kuma ma'aikacin kamfanin Peugeot ne da ke buga wa ƙungiyar Sochaux. Sau 10 kacal ya buga wa ƙasarsa, ya ci ƙwallo 2. Jamusawa sun tsare shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ya ga Faransa ta ɗau kofin a 1998, ya rasu a 2005 yana da shekara 97.