Baƙin allo ba shi ne mutuwar tsohuwar kwamfuta ba

Amiga 500, wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1987, tana cikin na'urorin da aka fi yi wa ƙazafin mutuwa. Mai ita zai samo wayar da ta shiga allon zamani daram, ya kunna, fitila ta kama, ma'ajin faifai ya motsa, amma allo baƙi ƙirin. Mai wannan rubutu, wanda gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'arsa, ya sha ganin an kwance lafiyayyar kwamfuta ana neman cutar da babu ita, har a garin bincike a lalata abin da ba a ƙara ƙera irinsa.

Maganar ta lissafi ce. Allo ba ya zana hoto a dunƙule, layi-layi yake bi daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka lambobi biyu ake dubawa: yawan layukan da yake ja a daƙiƙa, wanda ake aunawa da kilohaz, da kuma sau nawa yake sabunta hoton, wanda ake aunawa da haz. An gina Amiga ne a kan tsarin talabijin. Ta Turai tana bin PAL, wato layi 625 sau 25, ya ba da 15,625 a daƙiƙa, a kan haz 50. Ta Amurka kuwa kilohaz 15.7 ce a kan haz 60. A wannan shekarar ta 1987 IBM ya kawo VGA mai kilohaz 31.5, ninki biyu ke nan, kuma yawancin allunan da suka biyo baya ba sa sauka ƙasa da kilohaz 30. Allon yana jin siginar, bin ta ne ba zai iya ba.

To, kafin a sayi waya, a buɗe littafin allon a nemi waɗannan lambobi. Da yawa kan ga haz 60 su saki jiki, alhali lambar layukan ce ke yanke hukunci, kuma ba kowane allo ke karɓar haz 50 ba.

Atari ST ta 1985 ta fi rikitarwa: hoton launi a kilohaz 15, na fari da baƙi a wajen kilohaz 36, shi ya sa aka yi masa allonsa na daban, SM124. Tsofaffin allunan IBM kuma suna da haɗari na gaske. MDA da CGA da EGA duk soket ɗaya suke da shi mai fil 9, amma gudunsu kilohaz 18.4 da 15.7 da 21.8 ne. Allon zamani zai ƙi hoton ne kawai; tsohon allo mai gudu ɗaya, irin IBM 5151, yana iya ƙonewa.

Mafita mafi kyau ga Amiga a ganin mai gyara ita ce allon zamaninta, kamar Commodore 1084, ko talabijin mai doro ɗan gwanjon Turai mai soket ɗin SCART, wanda da ma a kilohaz 15 yake aiki. In babu, sai na'urar ninka layi irin OSSC, wadda ke mayar da kilohaz 15 zuwa 31. Masu arha na kasuwa sukan jinkirta hoto, kuma mai wasa zai ji haka a yatsunsa tun danni na farko.