Motar turbo da zafin bazara: kafin ka bari a cire tamostat

Da zarar watan Maris ya kama, zafi ya doshi digiri 40 a Bauchi, tambayar da ta fi yawa daga masu motocin turbo ita ce: "Malam, in cire tamostat ne, ko in sa wanda yake buɗewa da wuri?" Galibinsu a cikin gari matsalar take kama su. Mutum zai shiga cunkoson Kasuwar Muda Lawal, keke napep a gaba, motar kayan gwari tana sauke kaya a gefe, esi a kunne, sai ya ga allurar zafi tana hawa. Da ya hau hanyar Ningi ko ta Gombe iska ta fara dukan gaban motar, sai allura ta sauko.

Kada ka cire shi. Mai buɗewa da wurin ma ba zai magance wannan ciwon ba.

Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Yana tsare ruwa a cikin inji har ya ɗau ɗumi, sannan ya sake shi. A yawancin motoci yana fara buɗewa ne tsakanin digiri 82 da 92, shi kuwa wanda ake kira mai sanyi yakan buɗe wajen 71. To, motar da take tafasa ruwa a cunkoso ta daɗe da wuce waɗannan matakan, ko wanne ne a cikinta ya riga ya buɗe gaba ɗaya. Abin da ya gaza a lokacin shi ne lagireto, ko fanka, ko famfon ruwa. Sai dai in tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe, wannan kuwa sabo irin nasa za a sa. Gwada shi ba wuya: a saka shi a ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga bakinsa ya buɗe.

Maganar da ta zauna a garejinmu, wai an yi tamostat ne don ƙasashen sanyi, ba ta da tushe. Hilux ɗin da ake sayarwa sabuwa a Saudiyya da tamostat take fitowa. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu. Kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu a sanyi yake, ta yi ta ƙara masa fetur. Ka yi asara a gidan mai, kuma rarar fetur ɗin takan gangara ta tsinka baƙin mai. Nan ne abin yake damuna a motar turbo, domin wannan baƙin man ne yake shafe sandar turbon da ke juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900. A injuna da dama kuma tamostat ne yake toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba. In babu shi hanyar tana nan a buɗe, sai zafin ya ƙaru.

Fara gyara daga waje. Haska tocila ta gaban motar ka duba: ƙurar hunturu, gutsuren leda da ƙwari sukan like tsakanin kwandensar esi da lagireto, har da intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa. A wanke su da ruwa marar ƙarfi, don ruwan injin wanki mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran faifan. Sannan a tabbatar fanka tana tashi da kanta, kuma da cikakken gudunta. Ban yarda da haɗa fanka kai tsaye ba, ɓoye ciwo ne, kuma yana kashe fankar da wuri. A duba murfin lagireto, domin matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa har ya wuce digiri 120. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa gishirinsa yana daskarewa ya toshe hanyoyin lagireto, don haka a zuba kulan irin wanda littafin motar ya ambata.

Wanda yake ɗaukar kaya masu nauyi ko yake yawan hawan tudun Jos, shi ne ƙarin sanyaya zai amfana: lagireton alminiyam mai kauri, intakula babba, da abin sanyaya baƙin mai. Haka ma mai Mercedes Kompressor, wadda bel ne ke juya mata abin matsa iska. Tamostat mai sanyi yana da gurbinsa a injin da aka ƙara wa ƙarfi ta kwamfuta, aka kuma gyara matakin da fanka ke tashi. In ba a yi haka ba, sai dai ya kunna maka wutar gargaɗi a dashbod. Wasu motocin Peugeot da BMW ma tamostat ɗinsu da lantarki yake aiki, kuma da gangan ake barin ruwansu ya kai wajen 105.

Bayan doguwar tafiya da gudu, bar injin yana aiki minti ɗaya zuwa biyu kafin ka kashe, baƙin mai ya kwashe zafin turbo. Idan allura ta shiga ja, kashe esi, ka faka a gefe, kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce. Duk bakaniken da ya ce a cire tamostat tun bai duba fanka da lagireto ba, ka ce masa ya fara duba su a gaban idonka.