Idan Na'urar Riƙe Gudu Ta Ƙi Aiki a Tsohuwar Babbar Mota

Yawancin manyan motocin da ke jigilar kaya daga Legas zuwa Kano ko Maraɗi sun ci ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar Apapa ko Kwatano. Da yawa cikinsu, irin su DAF da MAN da Mack, suna zuwa da na'urar riƙe gudu, wadda direba kan danna ya ɗage ƙafa daga totur, mota ta ci gaba da tafiya kamar yadda ya saita ta. Ran da ta ƙi aiki, sai ka ji an ce wa mai mota ƙwaƙwalwar inji ta ƙone, ya kawo kuɗi. To, jama'a, a yi hattara. Galibi laifin wani ɗan makunni ne ko guntuwar waya.

Ya kamata a sani cewa da gangan aka yi wannan na'ura matsoraciya. Ba ta kamawa sai ta tabbata ba a taka birki ba, ba a taka kuloci ba, kuma gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa. Ko ɗaya daga cikin makunnan da ke lura da waɗannan abubuwa ya ba ta labarin ƙarya, shi ke nan ta janye jiki.

Saboda haka, ya kai direba, fara da duba fis. In lafiya yake, sa yaron mota ya tsaya a baya ka taka birki. Idan fitilar birki ba ta kama ba, ko kuwa ta kama ta ƙi mutuwa, ga ɓarawonka nan. A motocin birkin iska, makunnin birkin yana jikin bututun iska ne, matsin iska ke kunna shi. Na kuloci ya fi wayo. Idan sifirin ya saki, feda ba ta komawa sama sosai, sai na'ura ta ɗauka ƙafarka na kai. Tallafo fedar da ɗan yatsan ƙafa ka sake dannawa. In ta kama, ka gane. Allurar gudu mai rawa kuwa tana nuna wayar da ke fitowa daga bayan giyabos. In maɓallan na'urar suna kan sitiyari kuma oda ma ta mutu, siririyar wayar da ke naɗe cikin sitiyarin ce ta tsinke.

Kada a manta da wayar da ke ɗaure a jikin shasi. Tsatsa da ƙurar hunturu da ruwan wanki kan cinye ta, ga ɓeraye a motocin hatsi. A kwance ta, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau. Rewaya kuma ya tuna motocin Turai galibi bolt 24 ne, na Amurka 12. Wayar da ta shiga ƙwaƙwalwa da mita ake gwada ta, domin ƙwan gwaji na iya yi mata lahani.

Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne kada a yi wa makunnin birki gada, kada kuma a cusa zaren tagulla a gurbin fis. Wanda ya yi gada ya ɗauke wa na'ura hanyar sanin an taka birki, inji zai yi ta ja alhali direba na neman tsayawa. Wuta ma ba wasa ba ce. Daga 1999 zuwa 2009 kamfanin Ford ya yi kiranyen motoci fiye da miliyan 10, har da a-kori-kura F-150, saboda ɗan makunnin wannan na'ura da man birki kan tsiyaya cikinsa ya ta da gobara, wani lokaci mota na ajiye a kashe.

Bayan gyara, a gwada motar ba kaya, a miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso. A kunna na'ura a taɓa birki, a sake kunnawa a taɓa kuloci. Idan ba ta saki nan take ba, a kashe ta, a koma gareji kafin a yi lodi.