DARASIN WANNAN WATA: Mutumin da Ya Koya wa Kwamfuta Duba Taurari

Mai karatu, fita waje a daren da babu farin wata, ka ɗaga kai. Za ka ga wani farin ziri ya ratsa sararin sama. Wannan garken taurari ne, kuma ranarmu tana cikinsa. Taurarin da ke ciki sun haura miliyan dubu 100. Akwai garke irin wannan bila adadin.

Garken taurari ba kamarsu ɗaya ba. Wasu kamar faifai suke, da hannuwa a murɗe. A cikinsu sababbin taurari suna ta samuwa. Wasu kuma kamar ƙwai suke, galibin taurarinsu sun tsufa. Masana suna son sanin yadda garke ke sauyawa daga ƙuruciya zuwa tsufa. Amma sai an ware su iri-iri tukuna.

A shekarar 2007 akwai wani ɗalibi a Jami'ar Oxford ta Ingila, sunansa Kevin Schawinski. Ya zauna mako guda ya duba hotunan garke 50,000 da idonsa. Ya gaji tilis, ga shi hotunan sun kusa miliyan ɗaya. Sai shi da abokin aikinsa Chris Lintott suka sa hotunan a intanet, suka roƙi jama'a su taya su. Suka kira shirin Galaxy Zoo. Mutane fiye da 100,000 suka amsa kira, yawancinsu ba masana ba ne.

Daga baya aka ba kwamfuta hotunan tare da amsoshin jama'a. Kamar yadda ake nuna wa yaro gero da dawa har ya iya rarrabewa, haka ita ma ta koya. Yanzu tana ware dubban hotuna cikin ɗan lokaci. Amma idan an koya mata kuskure, kuskure za ta yi ta maimaitawa.

A 2017, Schawinski yana koyarwa a birnin Zurich na Suwizalan. Shi da abokan aikinsa suka koya wa kwamfuta gyara hoton garke da ya fito dishi-dishi.

Ka lura, kwamfuta ba da kanta ta gane ba. Daga idon mutane ta koya.

TAMBAYOYI
1. Mene ne garken taurari?
2. Hotuna nawa Schawinski ya duba a mako guda?
3. Daga wa kwamfuta ta koyi aikin?