Akwatin ƙyanƙyasar ƙwai

Hamdara gari ne na manoma da makiyaya a gundumar Mirya, cikin jihar Damagaram. A nan, kamar sauran garuruwan yankin, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji ko zabi ba. Su ne asusun gida. In an yi baƙo, ko yaro ya kwanta ciwo, ko ana bukatar kayan lakwal, kaza ake kamawa.

Da damina zabi suke yin ƙwai. Zabuwa ɗaya tana iya yin fiye da 50 kafin ruwa ya ɗauke. Amma zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Shi ya sa ake kwashe ƙwanta a sa wa kaza. Kaza kuwa ba ta rufe fiye da ƙwai 12 zuwa 15. Sauran sai a dafa a sayar. Mai kiwon da yake son zabinsa da kajinsa su yi yawa yana bukatar wata dabara. Wannan dabara ita ce akwatin ƙyanƙyasa.

Abin da kaza take yi wa ƙwanta

In kaza ta yi kwanci, abu huɗu take ba ƙwai. Na farko ɗumi, daga jikinta. Na biyu laima, don kada ƙwai ya bushe. Na uku iska, domin ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako yake numfashi. Na huɗu juyi: tana juya ƙwai da bakinta dare da rana, don kada ɗan tsako ya manne da ɓawo.

Akwati ba ya da wata hikima tasa. Duk abin da kaza take yi, sai mutum ya yi shi da hannunsa. In ɗaya cikin huɗun nan ya ɓaci, ƙwai ya zama baragurbi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara 2000 ke nan mutanen Masar suke gina ɗakunan tubali, suna ɗumama su da wuta, suna ƙyanƙyashe dubban ƙwai ba kaza. Ba su da ma'aunin zafi a lokacin. Ƙwai suke ɗorawa a fatar ido, su ji ko ɗumin ya yi daidai.

Yadda ake yin akwati mai araha

Kafinta yana iya ƙera shi da katako. Bangon akwatin ruɓi biyu ne. Tsakaninsu ana cusa auduga ko dusar katako, don kada ɗumi ya fita. A ciki akwai faranti mai raga, inda ake jera ƙwai. Ƙarƙashin ragar ana ajiye tasa da ruwa, ita ke ba da laima. Ana huda ƙananan ƙofofi sama da ƙasa, don iska. A murfin gaba ana sa ɗan gilashi, don a leƙa ba sai an buɗe ba.

Ɗumi daga fitilar kananzir yake zuwa. Fitilar tana waje, a gefen akwatin. Zafinta yana bi ta cikin bututun ƙarfe wanda ya ratsa saman akwatin ya fita ɗaya gefen. Ta haka ɗumi yake shiga, hayaƙi kuwa ba ya taɓa ƙwai. Akwai kuma akwatuna masu aiki da lantarki, ko da hasken rana da batir. Waɗannan suna daidaita zafi da kansu, amma sun fi tsada.

Abu ɗaya ne ba a yin rowarsa: ma'aunin zafi. Ana sa kansa daidai da saman ƙwai. A akwatin fitila, zafin da ake so digiri 38 zuwa 39 ne. A akwati mai fanka kuwa, 37 da rabi. Kafin a zuba ƙwai, ana kunna fitila kwana 2 akwatin yana wofi, har a ga zafin ya tsaya wuri ɗaya.

Zaɓen ƙwai

Ba kowane ƙwai ne yake ƙyanƙyashewa ba. Sai na kazar da take tare da zakara, ko zabuwar da take tare da namiji. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Ana zaɓen ƙwai matsakaici, mai tsabta, marar tsagewa. Ba a wanke shi, don ruwa yana shigar da ƙwayoyin cuta ta ƙofofin ɓawo. Ƙwan da ya wuce kwana 7 ƙarfinsa ya fara raguwa. Kafin a tara adadin da ake so, ana ajiye shi wuri mai sanyi, kamar cikin kasko kusa da randa, tsininsa yana kallon ƙasa.

Aikin kowace rana

Ana yi wa kowane ƙwai alama da fensir: X a gefe ɗaya, O a ɗaya gefen. Ana juya su sau 3 a rana: da asuba, da azahar, da bayan isha. Alamar ita ke nuna wanda aka manta. Kullum da safe mai kiwo yana ƙara kananzir, ya gyara lagwani, ya duba ruwan tasa. Yana duba ma'auni ko da tsakar dare.

A ƙasar Damagaram kowane lokaci da irin wahalarsa. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40 a inuwa, har ya wuce. A lokacin nan sai a rage fitila da rana, ko a kashe ta, a ajiye akwatin cikin ɗakin ƙasa mai kaurin bango. Da ɗari kuwa, a Disamba da Janairu, dare yana da sanyi, iska busasshiya ce, ruwan tasa yana saurin ƙafewa. Damina ta fi sauƙi, ita ce kuma lokacin ƙwan zabi.

Sanyi na ɗan lokaci ba ya kashe ɗan tsako, ai kaza ma tana tashi ta ci abinci. Zafi ya fi haɗari. In ya wuce digiri 40 ya daɗe, ƙwan duka yana iya lalacewa a yini ɗaya. Hausawa suna cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wanda ya hana kansa ci da sayarwa ya zuba ƙwai a akwati, in ya yi sakaci ya rasa duka biyun. Haka kuma ba a ajiye fitila kusa da zana ko ciyawa, saboda gobara.

Duban ƙwai da ƙyanƙyasa

Ran kwana 7 ana duba ƙwan kaza, na zabi kuwa ran kwana 10, don ɓawonsa ya fi kauri. Ana shiga ɗaki mai duhu, a haska ƙwai da tocila. Mai rai yana nuna ɗigo baƙi da jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa fes, ba kome a ciki, sai a fitar da shi.

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabi a kwana 26 zuwa 28. Ana daina juya na kaza ran kwana 18, na zabi ran kwana 24. Daga nan sai a ƙara ruwa, a rufe akwatin, a bar buɗewa. Ɗan tsako da kansa yake fasa ɓawo. Ba a ɓare masa, don jijiyoyinsa suna iya tsinkewa. Ana barinsa ciki har gashinsa ya bushe. Ranar farko ba ya bukatar abinci, gwaiduwar da ke cikinsa ta ishe shi.

'Yan tsakin akwati ba su da uwa. Suna bukatar wuri mai ɗumi na makonni, da ruwa mai tsabta a ƙaramin kasko, da ɓarzajjen gero, da gara. Ana tsare su daga shirwa da raɓa. Ana kuma neman ma'aikacin kiwon dabbobi ya yi musu rigakafin cutar Niyukasal, wadda take kashe kaji da yawa lokacin ɗari.

Ma'anar kalmomi

Kwanci: zaman kaza a kan ƙwai.
Baragurbi: ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba.
Laima: danshin da ke cikin iska.
Digiri: awon zafi ko sanyi.

Tambayoyi

1. Don me ake sa wa kaza ƙwan zabi?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne ƙwai yake bukata?
3. Don me fitila take wajen akwati?
4. Me mai kiwo yake yi da tsakar rana a watan Afrilu?

Lissafi

An zuba ƙwan kaza 40 ran 1 ga Yuli. Da aka duba, an fitar da 6. A cikin sauran, 5 ba su fasa ba. 'Yan tsaki nawa aka samu? Wace rana aka daina juyi? Wace rana suka fito?