Idan Hadari Ya Haɗo A Watari, Ina Za A Kai Baƙi?

Sana'ata shirya tafiye-tafiye ce. Ina kai ɗaliban sakandare da na kwaleji ziyarar buɗe ido, da ƙungiyoyin matasa, wani lokaci kuma iyalan da suka zo hutu gida daga Abuja ko Legas suna son 'ya'yansu su ga karkara da idonsu. Madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai ta jihar Kano, tana cikin wuraren da aka fi nema in kai mutane, kuma an fi nema da damina, domin a lokacin ne makarantu ke dogon hutu, a lokacin ne kuma ƙasar ta fi kyan gani. Tun daga Bichi har Bagwai gona ce ke bin gona, gero da dawa sun rufe gidaje, sai hayaƙin girki kaɗai ke nuna inda mutane suke. Dam ɗin da aka kammala a 1980 yakan cika ya batse. Matsalar ita ce lokacin da wurin ya fi kyau shi ne lokacin da sama ba ta da alƙawari.

Abin da nake so malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyi su riƙe shi ne: kada a baro gida sai an shirya abin da za a yi idan ruwa ya hana zuwa bakin dam. Ba don gudun zaman banza kawai ba. Jagoran da ba shi da wani shiri a aljihu shi ne wanda ake iya lanƙwasawa. An tara kuɗin mota, an zuba mai, yara sun kwana suna ɗokin shiga kwale-kwale, ga hadari ya fara haɗowa, sai a zagaye shi: “Malam, mun riga mun zo, minti goma kawai za mu yi.” Idan ba shi da abin da zai ba su a madadi, kunya da tausayi za su sa ya ce to. Wanda kuwa ya san cewa akwai zaure da ke jiransa da maƙerin da aka yi wa magana tun jiya, cewa a'a ba ya yi masa nauyi.

Ruwan Watari ba abin wasa ba ne ko da sama tana garau. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwalen da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife, akasarin mutanen ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su je Maulidi, kuma a kwana ɗaya aka tsamo gawa 29. Allah Ya ji ƙansu. Wannan da kaka ne, ba hadari ba iska, lodi ne ya wuce kima. To a ɗora iskar damina a kan irin wannan lodi.

Hadarin ƙasarmu yawanci daga gabas yake tasowa, kuma ya fi zuwa bayan azahar ko da yamma. Kafin ɗigon farko akwai iska mai ƙarfi da ke riga shi isowa, ita ce ke tayar da igiyar ruwa, kuma ita ce ke kifar da jirgi, ba ruwan saman ba. Mutumin birni yakan dubi sama ya ce ai da saura. Masunci ba sama kaɗai yake duba ba. Na tsaya kusa da wani dattijo yana gyaran komarsa a bakin ruwa, rana tana haske sosai, sai na ga ya ɗaga kai, ya dubi yadda fuskar ruwan ta canza launi can nesa, ya naɗe komar ya saɓa a kafaɗa. Na ce, “Baba, har an tashi?” Ya ce, “Ɗana, kwashe yaranka ku hau tudu.” Ba mu gama shiga mota ba iska ta fara karkaɗa rassan darbejiya. Shi ya sa a tsarina maganar masu ruwa ita ce ta ƙarshe. Idan suka ce yau ba a shiga, ba na neman wani matuƙin da zai yarda don an ƙara masa kuɗi. A tafkunan ƙasar Siwizalan akwai fitilu masu ruwan lemo a bakin gaɓa da ke walƙiya idan iska mai ƙarfi na tafe, kowa ya fito. Mu fitilarmu ita ce idon waɗannan dattawa, sai kuma hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa, wanda ya kamata a duba tun daren tafiya.

Sai tsawa. Saman bangon dam fili ne fetal, mutum shi ne abu mafi tsayi a wurin, ga ruwa a gefe. Gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a gona, inda kowa ke rugawa ya fake, ya fi ko'ina haɗari. Ƙarar tsawa tana cin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka idan aka ga walƙiya aka ji cida kafin a ƙirga talatin, tana kusa ƙwarai. A shiga gini mai rufi ko cikin mota a rufe gilashi, kuma kada a koma bakin ruwa sai an yi rabin awa ba a ji cida ba.

Tsarin da nake bi mai sauƙi ne. Bakin dam da safe, a gama kafin azahar. Duk abin da ke da rufi a bar shi zuwa yamma. Idan kuma an wayi gari da marka irin ta Agusta, wadda ke yini tana yayyafi ba ta da niyyar ɗaukewa, sai a juya tsarin gaba ɗaya.

Wuri na farko da za a koma idan ruwa ya hana zuwa dam ba shi da nisa, shi ne cikin garin Bagwai kansa. Ranar ruwa manomi yana gida, yana da lokacin magana, abin da ba za ka samu ba ranar da yake fama da maimai ko huɗa. Amma ba a faɗa wa mutane da motar ɗalibai haka kawai. A je tun kafin ranar a yi sallama da mai gari ko mai unguwa, a ce, “Ranka ya daɗe, muna da baƙi ranar kaza, idan ruwa ya tare mu muna neman mafaka da wanda zai yi wa yara bayani.” Ban taɓa ganin an ƙi irin wannan roƙo ba idan aka zo da ladabi. A zaure ɗalibi zai ji dalilin da ya sa ake shuka wake a tsakanin layukan gero, da yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don danshi da gara, da yadda noman rani a ƙasan dam ya sauya rayuwar gidajen da a da samarinsu ke tafiya cin rani da zarar an gama girbi. Waɗannan duk suna cikin littafin aikin gona da yaran ke haddacewa, amma jin su daga bakin mai yi daban ne.

Maƙera kuwa ita ce wurin da na fi so. Rumfa ce ƙarama, ruwa na zuba ta bakin jinka, yaro na jan zuga-zugi, gawayi na yin ja yana lafawa. Maƙeri ya ciro guntun ƙarfen tsohuwar mota da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, kafin ka ankara bakin fartanya ya fito. Yaran da suka yini suna latsa waya sai ka ga sun yi tsit, wani ma ya roƙi a bar shi ya ja zuga-zugin. Da damina maƙeri ba ya rasa aiki, domin kullum akwai garma ko fartanyar da ta dakushe. Mata da 'yan mata a cikin baƙi su suka fi mu sa'a, don su ne za su iya shiga cikin gida su ga yadda ake matsar man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli. Maza iyakarsu zaure. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, musamman na mata da yara, kuma a sayi abin da aka gani ana yi. Mutumin da ya ba ka awa guda na lokacinsa ya cancanci fiye da “mun gode”.

Masunta ma ranar iska a tudu suke, suna ɗinkin koma da gyaran birgi. A nan za a ga bambancin tarwaɗa da ƙarfasa a hannu, a kuma ci soyayyen kifi da yaji da zafinsa. Abu ɗaya da nake hanawa ko an ɗauke ruwa shi ne yara su tuɓe su shiga gefen dam ko kududdufi da sunan wanka. Ruwan da ke kwance irin wannan shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma sai bayan makonni iyaye za su ga jini a fitsarin yaro ba su san daga ina ba.

Idan rukunin yana da yawa, zaure ba zai ɗauke su ba, sai a kama hanyar Kano da wuri. Kasuwar Dawanau tana kan hanya, kuma ɗalibin da ya ga gero a gona da safe ya kamata ya ga inda yake ƙarewa: manyan ɗakunan ajiya cike da buhunan hatsi, riɗi da zoɓo, da tireloli masu lodi zuwa Nijar da kudancin ƙasar nan. Sai dai hanyoyin cikin kasuwar suna caɓewa, a sa takalmin da ba a jin tausayinsa.

A cikin birni, Gidan Makama shi ne zaɓina na farko ranar ruwa. Gini ne na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yanzu gidan tarihi ne, kuma ɗakunansa sun isa a yi awa biyu ana bin tarihin Kano ba tare da an jiƙe ba. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya kuma fara makarantar boko, shi ma yana da rufi da abin gani. Karofin Ƙofar Mata a fili yake, idan ana ruwa marina sukan rufe ramuka su fake, amma 'yan bugu suna cikin ɗaki suna aikinsu, kuma sautin sandunansu a kan gungume kaɗai ya isa a tsaya. Kasuwar Kurmi ba na kai yara da yawa ranar ruwa, lungunanta matsattsu ne ga Jakara na kusa. Dutsen Dala da Goron Dutse kuwa a bar su sai wata rana: matakala na santsi, kuma saman dutse ba wurin tsayawa ba ne ana walƙiya.

Saura hanya, wadda direbobi suka fi rainawa. Titin Kano zuwa Bichi kwalta ne, amma da zarar an sauka zuwa ƙauyukan gefen dam, burji ne da taɓo. Bas mai cike da mutane idan ta kafe a laka bayan la'asar, sai an nemo tarakta ko samarin gari. Mafi muni shi ne kwalbatin da ruwa ya shanye. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma ba wanda ya san ko ƙasan ya zaizaye. Nakan gaya wa direba tun a tasha, a gaban shugaban tafiyar, cewa idan muka tarar da ruwa a kan hanya za mu tsaya mu jira ya janye ko mu juya, kuma kuɗinsa ba zai ragu ba saboda jinkirin. Da wannan sharaɗi a bakin kowa, ana barin Bagwai da la'asar sakaliya, a isa kwalta da sauran haske.