Darasin Kimiyya: Saurin Sauti da Aikin Jagoran Makaɗa

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan sauti yake, kuma ta ƙofar waƙa za mu shige shi. Ga tambayar da za mu bi: idan mutum goma, ko hamsin, ko ɗari suka taru a kan kiɗa ɗaya, me ke sa su tashi tare su sauka tare? Kowa zai ce ai akwai jagora. Haka ne. Abin da muke nema shi ne dalilin da ya sa ba a yi sai da shi, kuma dalilin yana cikin iskar nan da muke shaƙa.

Duk abin da kuka ji ya yi ƙara, karkarwa ya yi. In an bugi fatar ganga sai ta riƙa kai da komo da sauri, ta ture iskar da ke jikinta, wannan ta ture ta gabanta, har motsin ya iso kunne. Yawan karkarwar da abu ya yi a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da Hertz, sunan wani masanin Jamus, Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga Hertz 20 zuwa 20,000. In karkarwa ta yi yawa murya ta yi sama, in ta yi kaɗan ta yi kauri. Ku dubi mai kalangu: da ya matse tsarkiya a hammata sai fata ta ɗame, karkarwa ta ƙaru, murya ta hau, da ya saki sai ta sauko. Shi ya sa kalangu ke magana, domin Hausa kanta da hawa da saukar murya take rarrabe kalmomi. Mai kotso kuma yakan liƙa ɗan danƙo a tsakiyar fata, wanda makaɗa ke kira nake. Nauyin nan yana rage saurin karkarwa, sai amon ya yi zurfi.

Yanzu ga ƙashin bayan darasin. Sauti tafiya yake yi, kuma tafiyar tana cin lokaci. A iska mai zafin digiri 20 yana cin mita 343 a daƙiƙa. Zafi na ƙara masa sauri, don haka a rana irin ta bazara a nan Kurugu, in zafi ya kai digiri 35, yakan kai wajen mita 352. Haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa. Bayan tashi za mu fita filin ƙwallo. Mutum ɗaya zai tsaya a raga da faifan katako biyu, sauranku ku tsaya a ɗaya ragar, nisan wajen mita 100. Zai ɗaga su sama ya haɗa da ƙarfi. Za ku ga katakon sun haɗu, shiru, sannan ƙarar ta iso. Ku raba 100 da 343, za ku sami 0.29, wato kusan sulusin daƙiƙa. A hira wannan ba kome ba ne. A kiɗa kuwa ɓarna ce babba, domin a kiɗan da ke da bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne kacal.

Wannan ita ce matsalar da Turawa suka ci karo da ita sa'ad da rukunin makaɗansu, wanda suke kira okestira, ya girma har ya kai mutum 80 zuwa 100. Mai goge a wannan gefe da mai ƙaho a wancan gefe suna iya samun mita 17 a tsakaninsu, wato jinkirin kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa. In kowa ya jira sai ya ji ɗan'uwansa kafin ya buga, kullum a makare yake, shi ma wancan ya jira shi, kiɗa ya yi ta ja da baya. Sai suka ɗauke aikin daga kunne suka ba ido. Mutum ɗaya ya hau ɗan dandamali inda kowa ke ganinsa, hannunsa ya zama agogon taron, tunda haske ba ya makara.

Ba a rana ɗaya aka gane haka ba. A Faransa, Jean-Baptiste Lully, makaɗin Sarki Louis na 14, da doguwar sanda yake dukan ƙasa don riƙe lokaci. A farkon 1687 ya daki ɗan yatsan ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, ya rasu a watan Maris na shekarar. Ƙaramar sandar da ba ta ƙara, wadda ake gani yau, ta bazu ne a ƙarni na 19, kuma Felix Mendelssohn, wanda ya karɓi okestirar Leipzig a 1835, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Arturo Toscanini ɗan Italiya yana da shekara 19, yana cikin masu babbar goge, aka miƙa masa sanda a Rio de Janeiro a 1886, ya ja wasan Aida da ka, bai dubi takarda ba. Herbert von Karajan ya riƙe okestirar Berlin daga 1955 zuwa 1989. Hannun jagora na dama ke auna bugu, na hagu ke cewa ku ɗaga, ku sassauta, kai shigo yanzu. Amma yawancin aikin a wurin gwaji ake gama shi, kafin 'yan kallo su zo.

Akwai kuma daidaita murya. Kafin a fara, mai busa obo, wata 'yar'uwar algaita, yakan ba da sauti mai Hertz 440, kowa ya gyara kayansa a kai. In wani ya tsaya a 444, za a ji sautin biyu na kumbura suna sacewa sau 4 a daƙiƙa, domin 444 a cire 440 saura 4. Jagora na ƙwarai yana tsinto mai wannan kuskure cikin mutum ɗari.

A Nijeriya ma an yi gwanayen wannan fanni. T.K.E. Phillips ya shugabanci mawaƙan babbar majami'ar Cathedral Church of Christ da ke Legas daga 1914 zuwa 1962. Farfesa Laz Ekwueme ya kafa rukunin mawaƙansa a 1974. Ben Odiase, shugaban makaɗan 'yan sanda, shi ya tsara kiɗan taken ƙasa na 1978.

To mu dawo gida, inda na fi so ku buɗe kunne. Makaɗan fada na ƙasar Hausa ba su riƙe sanda ba, ba su kuma buƙace ta ba, kuma lissafin da muka yi ɗazu shi ke bayyana dalili. Ku lura da zamansu: jagora a tsakiya, 'yan amshi da masu kotso sun kewaye shi, gwiwa na gugar gwiwa. Nisa bai wuce mita 3 ba, jinkiri bai kai kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba. A irin wannan kusanci kunne ya isa, har numfashin da jagora zai ja kafin ya ɗauko ɗan waƙa yaransa na ji. Shi ya sa suke iya abin da manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ke kira ƙari: jagora ya faro magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa ba tare da gurbi ba, sannan kowa ya faɗa gindin waƙa lokaci ɗaya. Ku saurari Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, a waƙarsa Bakandamiya, ku yi ƙoƙarin gano inda bakinsa ya tsaya na yaransa ya ɗauka. Da wuya ku kama wurin.

Wannan ƙwarewa shekaru ake yi ana gina ta. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, a cikin 'yan amshin mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi. Daga nan ya bi yayansa Abdu Kurna, ya riƙe muƙamin Daudun Kiɗi, kafin ya ja nasa rukuni har ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Ya san abin da ɗan amshi ke bukata domin ya zauna a wurin. Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, yana ƙirƙirar waƙa nan take a gaban taro, masu kalangu na bin sa. A ganina aikin waɗannan mutane ya haɗa abu uku da Turawa suka raba wa mutum uku: su ke tsara waƙar, su ke rera ta, su ke jan rukunin, kuma duk ba takarda. Ya kamata sunansu ya shiga littafin kimiyyar da kuke karantawa.

Wani abu kaɗan game da ƙarfin murya. Ana auna shi da desibel. Mutum biyu in suka yi amshi tare, desibel 3 kawai suka ƙara a kan mutum ɗaya. Mutum goma, desibel 10, wanda kunne ke ji kamar ninki biyu. Saboda haka muryar jagora guda ba ta nutsewa cikin amshi.

In aka yi nisa da juna kuwa, dokar jinkirin sauti ta dawo. Ranar hawan Sallah a Karaye ku tsaya wuri ɗaya ku dubi mai ganga da ke can nesa a cikin jerin dawaki. Za ku ga gula ta sauka kafin amon ya zo muku.

Aikin gida. Na ɗaya: masunci a Dam ɗin Challawa ya bugi gefen jirginsa da filafili, kana bakin ruwa ka ji ƙarar bayan daƙiƙa 1.5. In zafin iska digiri 35 ne, mita nawa ke tsakaninku? Na biyu: 'yan amshi biyu suna tsaye mita 34 tsakani, kowa na jiran ya ji ɗan'uwansa. Ku lissafa jinkirin, ku rubuta inda ya kamata jagora ya tsaya da dalilinku. A kawo ranar Litinin.